Wata 7 na hana mijina maganar mutuwarsa

Salama gareku 'yan'uwa cikin sunan Yesu. Na daɗe ina son rubuta wannan shaidar amma duk sanda na ɗauki waya na fara sai jikina yayi sanyi in goge, yau dai nace ko babu tsari sai na rubuta, kuyi haƙuri dani in kunga ina zagaye-zagaye.

Shekara 3 kenan da maigidana ya tafi gida. Munyi shekara 19 tare, Allah ya bamu yara 4, autan yana shekara 5 lokacin. Kuma bari in faɗa tun yanzu, wannan ba labarin warkarwa bane, kar wani ya karanta yana jiran inda za'a ce likitoci sun riƙe baki. Basu riƙe baki ba. Abinda suka ce zai faru shi ya faru.

Hawan jini ne mafari. Yayi shekaru dashi, magani kuma sai ranar da kai yayi ciwo yake sha, da yaji garau ya ajiye, in nayi magana yace ke dai kin cika tsoro. Ashe shi hawan jini baya sallama, a hankali yake lalata ƙananan jijiyoyin jinin da ke cikin ƙoda, mutum na harkarsa bai san ana yi masa ɓarna ba. Sai da ƙafa ta fara kumbura, fuska ta cika da safe, ga amai ga ƙaiƙayin jiki, sannan muka je asibiti aka ɗebi jini, likita ya duba takarda ya dube mu yace ƙodar duka 2 sun kusa tsayawa. Aka sa shi a wankin ƙoda, ko da yake ba ƙodar ake wankewa ba, jinin ne inji ke ja ya tace ya mayar, sau 3 a sati, kowane zama kusan awa 4. Ruwan sha ma sai an auna masa. Dan Allah in kana da hawan jini kana karanta wannan, ka sha maganinka kullum, ko kaji lafiya ko baka ji ba.

Ni kam tun ranar da muka fito daga ofishin likitan na ɗaura ɗamara. Nace wannan yaƙi ne kuma mu zamu ci. Azumi, addu'ar dare, duk wanda naji ance yana da baiwar addu'a sai na nemi lambarsa. Na rubuta Zabura 118:17 da manyan baƙi na manna a saitin gadonsa, inda mai zabura yake cewa ba zai mutu ba, zai rayu ya bada labarin ayyukan Ubangiji. Labarin sarki Hezekiya kuwa na haddace shi, yadda ya juya fuskarsa bango yayi kuka Allah ya ƙara masa shekara 15. Kullum nace Allahn Hezekiya bai canza ba.

Matsalar ita ce duk sanda maigida ya buɗe baki zai ce "in ta Allah ta kasance..." bana barinsa ya ƙarasa. Sai in ce na ƙi cikin sunan Yesu, ba rabonmu bane, kar ka kira mana abinda bamu gayyata ba. Wata rana ya miƙo mini wani ɗan littafi da ya rubuta basussuka, wanda ake binsa da wanda yake bi, na ƙi karɓa, har nayi fushi na fita daga ɗakin. Yara ma na kafa musu doka, ba mai kuka gaban Baba, ba mai tambaya. Masu zuwa dubiya tun daga ƙofa nake musu gargaɗi. A ganina bangaskiya nake yi. Wata 7 muna a haka.

Shi kuwa mutum ne mai barkwanci, ko a gadon asibiti bai daina ba. Wata rana ina cikin karanta masa Ishaya 38 karo na ban san adadi ba sai yace uwargida koma aya ta 1, me annabi ya fara gaya wa sarkin? Na duba, ashe cewa yayi ya kintsa gidansa. Yace to kin gani, ni kintsa gidan ma kin hana ni. Sannan yace bayan shekara 15 ɗin fa, me ya faru da Hezekiya? Nayi shiru. Yace shi Li'azaru da aka tayar, yana wace unguwa yanzu mu je mu gaishe shi? Ya yi dariya har tari ya kama shi. Ni ban yi dariya ba, haushi naji.

Daren da komai ya juya, an kwantar damu dan ruwa ya taru masa a huhu, yana kan oksijin, wajen ƙarfe 2 na dare, ɗakin tsit sai ƙarar inji. Na durƙusa gefen gado ina addu'ata ƙasa-ƙasa sai naji hannunsa a kaina. Ya janye abin hancin yace, uwargida tashi ki zauna, yau ki bari inyi magana ko sau ɗaya. Yace kowa yana mini addu'a amma babu mai saurarona. Yace kin san inda nafi jin kaɗaici? Ba a kan injin ba, a gabanki, dan dole in yi kamar ban san abinda jikina ke gaya mini ba.

Maganar nan ta shige ni kamar an soka mini allura a ƙirji. Ni da nake ganin babu wanda ya kai ni tsaya masa, ashe ni ce na rufe shi a ɗaki shi kaɗai da mutuwarsa.

Nace maigida kana jin tsoro? Yace eh mana, wa ya gaya miki bana ji. Yace ba inda zani nake tsoro ba, wannan na san hannun da na ba raina tun ina saurayi, abinda ke damuna shi ne yadda numfashin zai yi a ƙarshe, da kuma ku, musamman auta da ba zai tuna ni sosai ba. Muka yi kuka tare, karo na farko tunda aka fara ciwon. Nas ta leƙo ta gan mu ta koma bata ce komai ba.

Sai yace in buɗe 2 Korintiyawa sura 5. Wurin da Bulus yake kwatanta jikin nan da alfarwa, cewa in aka rushe ta muna da gini daga wurin Allah, gida madawwami wanda ba hannu ne ya gina ba. Yace kin san Bulus ɗinkin alfarwa ce sana'arsa, ya san yadda take yagewa a faci, a sake faci, har ta kai inda faci baya kamawa. Ya nuna hannunsa inda allura ta gama hudawa yace tawa ta kai nan. Ban ce na ƙi ba. Ban san ya aka yi ba amma ban ce ba.

Kwana 11 ya ƙara bayan wannan daren, kuma in gaya muku gaskiya kwanakin nan 11 sun fi mini wata 7 ɗin baya daraja. Na karɓi ɗan littafin basussukan. Ya gaya mini inda takardu suke, ya bani lambobin buɗe wayarsa, ya roƙe ni gafarar abubuwan da ni har na manta, nima na roƙe shi. Akwai ƙaninsa da suka shekara 2 basa magana, ya sa na kira shi ya zo suka rungume juna. Yara suka zo ɗaya bayan ɗaya ya ɗora musu hannu ya sa musu albarka, babbar 'yarmu ta tambaye shi kai tsaye Baba mutuwa zaka yi? yace da alama haka, amma ba ɓata zanyi ba, kin san inda zaki same ni. Baba Fasto ya zo ya bamu jibin Ubangiji a gefen gado. Ban daina roƙon warkarwa ba fa, na cigaba, sai dai na koyi ƙarasa addu'ar yadda Yesu ya ƙarasa tasa a Getsamani, shi ma sau 3 ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon sannan ya bar wa Uba nufinsa.

Da asuba ya tafi. Ina riƙe da hannunsa ina karanta Zabura 23 dan ita ya roƙa, kuma a ranar ne na lura da abinda ban taɓa lura dashi ba duk da tun ina yarinya na haddace ta. Daga aya ta 1 zuwa ta 3 Dawuda yana bada labarin Allah ne, yana kwantar dani, yana bi dani, yana wartsake raina. Amma da aka iso kwarin inuwar mutuwa a aya ta 4 sai maganar ta juya, ya daina cewa "shi" ya koma cewa "kai", kana tare dani. Numfashin da yake tsoro bai wahalar dashi yadda ya zata ba, ya ja a hankali, ya ƙara ja, shikenan.

To kar ku zata daga nan na tashi ina waƙa. A'a. Nan ma aka fara.

Masu gaisuwa suka cika gida, mutanen kirki ne kuma nagode musu har gobe, amma wasu maganganun sun fi duka zafi. Wata tace kar ki yi kuka kamar marasa bege. Wani yace Allah ya fi mu son sa. Wata kuma tace da an ƙara bangaskiya da ba haka ba, wannan kam har yau ina roƙon Allah ya taimake ni in yafe mata gaba ɗaya. Sai na haɗiye kukana, ta ciki na ciki, ina murmushi ina cewa mun gode Allah, ana ta yabona wai jaruma ce. Da dare in shiga banɗaki in sake famfo dan kar yara su ji.

Da mutane suka watse sai fushi ya zo. Kusan wata 4 ban yi addu'a ba. Coci ina zuwa dan yara kawai, in an tashi waƙa in tashi, bakina na motsi zuciyata na wani wuri. Takardar Zabura 118 ɗin nan na yage ta. Ina ce wa Allah a raina, ga mugaye nan suna yawo da ƙodarsu lafiya lau, sai wannan bawan naka? Kuma ƙarƙashin fushin akwai wani abu da ya fi ci na, wata 7 ɗin da na ɓata. Da na bar shi yayi magana tun farko da hirarraki nawa zamu yi, da wasiƙu nawa zai rubuta wa auta lokacin da hannunsa ke da ƙarfi.

Akwai wata tsohuwa a cocinmu, gwauruwa ce tun kafin a haifi babbar 'yata, bata cikin masu yawan magana. Ita ce ta fara zuwa bayan kowa ya daina. Ta zo ta zauna kawai, wani lokaci awa guda bamu ce wa juna komai ba, ta tashi tace sai na sake zuwa. Rannan nace Mama baki taɓa mini wa'azi ba. Tace 'yata, abokan Ayuba kwana 7 dare da rana suka zauna dashi a ƙasa ba wanda ya ce uffan, kuma iyakar abin kirkin da suka yi kenan, da suka buɗe baki suka ɓata komai. Sannan ta dube ni tace ke fa tunda aka yi abin nan ban ga hawayenki ba, wa ya hana ki? Nace ance masu bi basa kuka kamar marasa bege. Tace kawo Baibul ɗin mu gani.

Muka buɗe 1 Tasalonikawa 4:13. Wasiƙar nan tana cikin na farko-farko da Bulus ya rubuta, wajen shekara ta 50 ko 51 bayan haihuwar Almasihu, zuwa ga sababbin masu bi a birnin Tasalonika, wanda har yau yana nan a ƙasar Girka. Wasu daga cikinsu sun mutu kafin Yesu ya dawo, 'yan'uwansu suka ruɗe suna tsoron ko waɗannan sun yi asara kenan. Bulus bai ce musu kar su yi baƙin ciki ba, cewa yayi kar baƙin cikinsu ya zama irin na waɗanda basu da abin sa zuciya. Wato kuka nan kuka nan, amma ba iri ɗaya bane. Mama ta ƙara nuna mini Ayyukan Manzanni 8:2, mutane masu tsoron Allah suka binne Istifanas suka yi masa kuka mai zafi, shi da ya ga sama a buɗe kafin ya cika.

Sai ta kai ni Yohanna 11, wannan surar kam na zauna a cikinta makonni. Betanya, garin su Li'azaru, ba nisa da Urushalima, kamar kilomita 3. An aika wa Yesu cewa wanda yake ƙauna ba lafiya, ya ƙara kwana 2 a inda yake, kafin ya iso Li'azaru yayi kwana 4 a kabari. Marta ta tare shi a hanya da maganar da ke cikin zuciyata tun ranar da maigida ya tafi, Ubangiji da kana nan da ɗan'uwana bai mutu ba. Maryamu ta zo ta faɗi a ƙafafunsa ta maimaita maganar ɗaya. Kuma bai tsawata wa ko ɗaya ba, bai ce ina bangaskiyarku ba. Abinda ya fi kama ni, ya san cikin ɗan lokaci kaɗan zai kira mutumin ya fito, ya riga ya gaya wa Marta shi ne tashin matattu shi ne rai, duk da haka yayi hawaye tun kafin ya kai kabarin. In shi mai riƙe da mabuɗin yayi kuka a bakin ƙofar, ni wacece da zan ce kuka rashin bangaskiya ne? A cinyar tsohuwar nan nayi kukan da na tara wata da watanni, ta bar ni har na gaji.

Addu'ar da na fara yi bayan nan Zabura 88 ce, dan ita kaɗai ta yi daidai da bakina. Ku karanta ku gani, tun daga sama har ƙasa kuka ne, kuma bata ƙare da yabo ba, da duhu ta ƙare. Amma Allah ya yarda aka sa ta cikin littafinsa.

Shi yasa yanzu in naji ana cewa mutuwa hutu ce kawai, ko Allah ne ya tsinki furensa, bana gardama amma ban yarda a tsaya nan ba. Bulus a 1 Korintiyawa 15:26 abokiyar gaba ya kira ta, ta ƙarshe da za'a hallaka. Ta raba ni da mijina, ta bar yara 4 ba uba, ba zan yi mata kwalliya ba. Ta'aziyyata ba wai mutuwa abu mai kyau bace, ta'aziyyata ita ce an riga an fasa mata ƙofa daga ciki. A surar nan Bulus ya lissafa waɗanda suka ga Yesu bayan tashinsa, Bitrus, sha biyun, 'yan'uwa fiye da 500 a lokaci ɗaya, yace yawancinsu suna da rai lokacin da yake rubutun, kamar yana cewa ku je ku tambaye su. Har yace in Almasihu bai tashi ba bangaskiyarmu banza ce. Ina son wannan gaskiyar tasa, bai ɓoye inda abin ya rataya ba.

Kuma jiki ake magana, ba inuwa ba. Wannan ya shafe ni sosai dan ni na ga yadda ciwo ya cinye jikin mutumin nan, ni nake juya shi, ni nake goge shi, na san nauyinsa na farko na san na ƙarshe. Da na karanta inda aka kwatanta binnewa da shuka iri, ana shukawa da rauni a tashe shi da iko, sai na tuna ƙafafun nan da suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Masu bi na farko wurin da suke binne 'yan'uwansu da kalmar Girkanci mai ma'anar wurin barci suke kiransa, dan wanda ya kwanta barci ana sa ran tashinsa.

Wani abu da na lura a harshenmu, kalmar nan bege da muke faɗa a coci, asalinta ai kewar wanda baya nan ce, kamar yadda ake cewa ina begen wane. Da ina ɗaukar abu 2 ne daban, begen mijina da ke hana ni barci, da bege cikin Almasihu da ake wa'azinsa. Yanzu bana iya raba su. Ina kewarsa dan baya nan, kuma ina jiransa dan yana wani wuri. Har yau akwai ranakun da nake jin ƙarar ƙofa in ɗaga kai.

Wata 7 ɗin nan kuwa na daina dukan kaina a kansu, ko da yake wani lokaci suna dawowa. In kana jinyar wani kuma ya fara cewa "in bana nan", dan Allah kar ka toshe masa baki da aya. Ka roƙa masa lafiya da dukan ƙarfinka, sannan ka ja kujera ka zauna ka ji abinda zai ce. Sau 2 ke nan aka kira ni wurin matan da mazajensu ke kan gado, kuma duka abinda na iya yi musu shi ne abinda Mama ta yi mini.

Watan da ya wuce auta, yanzu shekararsa 8, ya zo ya kwanta kusa dani da dare yace Mama ina da tambaya. Yace in na girma na zama babba da gemu, in mun haɗu da Baba ya zai gane ni, ai ina ƙarami ya tafi. Gabana ya faɗi dan ban shirya ba. Sai na tuna Maryamu Magadaliya a bakin kabari da sassafe, tana kuka tana kallon Yesu ido da ido ta ɗauka mai lambu ne, sai da ya kira sunanta sannan ta gane shi. Na bashi labarin, nace ban san yadda kamanninmu zasu zama ba amma Yesu ya san sunan kowa, ba zai bar ku kuna wuce juna ba.

Yayi shiru har na zata yayi barci. Can sai yace, to ai ni zan gane Baba, dan shi kaɗai yake ce mini Sarkin Rigima. Na fashe da dariya hawaye na zuba, shi ma ya kama dariya, har yayarsa ta buga bango daga ɗaya ɗakin tace mu yi shiru gobe akwai makaranta.